Gidan Dutsen Inna a Bakin Rami

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya gan ni a Bi'ir Ali, inda nake jan motar alhazai zuwa Makka, sai ya riƙe min hannu: "Ya Usman, kef Najeriya? Ka ga garin gawayin?" Na gaji da maimaitawa. Labarin ma har ya fara yin rassa a bakin mutane, jiya wani ya ce wai ya ji na shiga ramin da ƙafata. Ban shiga ba, ko ɗaure ni aka yi da igiya ba zan shiga ba. Ga shi nan na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Da farko dai ba gawayi ba ne. Mu da muka tashi a Madina faham kawai muka sani, wanda ake zuba wa turaren wuta, shi ya sa kuke ta cewa babana ɗan gawayi ne. Kwal wani baƙin dutse ne da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa, da shi jirgin ƙasa yake tafiya a da. Babana kuma bai taɓa haƙa ba, gadi ya yi wa kamfanin.

Abin da ya kai ni kuwa Inna ce. Ita da Baba sun bar ƙauyensu, Bakin Rami, tun suna da ƙuruciya, suka biyo ta Sudan a ƙafa, a hanya aka haife ni. Baba ya rasu a nan, yana kwance a maƙabartar Baƙi'a. Ba a daɗe da gama takaba ba Inna ta fara: ita Bakin Rami za ta koma, gidan dutsenta yana can. Ku duba fa. Mutane suna sayar da gona da shanu don su zo su mutu a Madina, ita Allah ya zaunar da ita a unguwar Bani Harisa, in ta fito ƙofa tana hango hasumiyar Harami, amma ramin kwal take so. Ga ciwon gwiwa, ga ciwon suga. Mun yi zaton rigimar tsufa ce, sai muka ga ta ɗaure kayanta tsaf ta ajiye a bakin ƙofar ɗaki. Ƙanwata Safiyya ta yi kuka har ta gaji. Kowa ya san in Inna ta tafi ba za ta dawo ba, kuma ba kusa da Baba za a binne ta ba.

Na ce mata, "Inna, bari in je in dubo. In gidan yana nan, ni da kaina zan kai ki. In ya rushe, halas, shi ke nan, a bar maganar."

Ta ce, "Je ka gani."

Ni na ɗauki wannan a matsayin alkawari. Na tafi ina roƙon Allah in tarar da kufai.

Zuwa Jidda ba wani labari, sai dai direba a motar wani direban abin tausayi ne. Tun daga Madina har Badar ƙafata tana taka birkin da babu shi. A Badar na sayi dabino na tsaraba. Jirgin Kano kuwa kasuwa ce mai fukafukai: rediyo, dardumai, filas na shayi, wata Hajiya ta ɗora min agogon bango a cinya ta ce in riƙe mata, ba ta ko tambayi sunana ba. Haka na riƙe shi har muka sauka.

A filin jirgin, mai duba takardu ya buɗe jawazina, ya dube ni, ya sake duban takardar.

"Fasfo na Larabawa, fuska ta mutanen Rano. Malam, kai wane ne?"

Na ce, Larabci yana kutso min, "Ana Bahaushe ne, bas a Madina na tashi."

Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji Hausata. Suka sa na sake faɗa, suka yi dariya mai isarsu, sannan ya ce in sa shi a addu'a in na koma. A Madina mu ne Takari, a Kano kuma na zama Balarabe. Ban san ƙasar da zan je a ce min ɗan gida ba.

Na sauka a Fagge wurin Kawu Haruna, ƙanin Inna. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, amma gidansa ya koma wurin ziyara. Mutum zai shigo ya gaishe ni, ya shafa hannuna ya shafa a fuska, ni da nake zagin fasinja in sun ɓata min kujera. Kowa Zamzam yake nema. Na gaji da bayanin cewa rijiyar a Makka take. Na nemi moya, yaran gidan suka tsaya suna kallona, sai da na tuna na ce ruwa. Tuwon dai ya fi namu na nan, gaskiya ce, domin kukarmu kafin ta iso Hijaz ta zama ƙasa. Da na gaya wa Kawu abin da Inna take so, sai ya dube ni, ya ce in ƙara miya.

Daga Kano jirgin ƙasa na shiga zuwa Inugu. An ce zai tashi da safe, ya tashi bayan la'asar, babu kuma wanda ya nuna abin ya dame shi sai ni. Na sa farin tobi mai guga, doguwar rigarmu ta Larabawa, da farar hula, wai ni zan je ƙauyen iyayena da mutunci. Ba wanda ya ce min kul. Wani tsohon ma'aikacin reluwe da muka zauna tare, da ya ji inda za ni, ya nuna kan jirgin da haɓa ya ce, "Ka ji ƙugin injin nan? Mai yake sha. Shi ya kashe garin da za ka." Sai ya ƙara da cewa mu mutanen Saudiyya mu ne muka fi kowa laifi, tunda mu muke tonon man. Na ce masa ni ko rijiya ɗaya ba ni da ita.

Bayan Kafanchan ƙasa ta sauya, dazuka suka yi duhu. A Makurɗi mata suka yanyame tagogi da dafaffiyar doya da wani nama mai ƙafafu da ban gane ba. Na tambayi wata ko an yanka shi, ta ce an kashe shi dai. Doya da manja na ci har Inugu.

Daga Inugu motar katako ce, ni da awaki da tulunan manja. Damina ce, hanyar kuwa jan laka. Motar ta kafe a wani hawa, aka ce kowa ya sauka ya tura. Na ce ni direba ne, bari in nuna wa direban yadda ake yi. Ya ce in nuna masa daga baya. Taya ta juya ta watsa min laka daga hula har takalmi. Haka mutumin Madina ya shiga Bakin Rami, rabinsa ja, rabinsa kuma baƙi, don ƙasar garin kanta garin kwal ce, ko jingina ka yi da bango sai ya sa maka hannu.

Bakin Rami sunan da Hausawa suka sa wa wurin ne, masu garin Inyamurai suna da nasu sunan, harshena ya kasa. Hausawan da suka rage ba su cika sahu ɗaya ba. Babbansu Malam Tanko ne, mai sayar da goro, tsoho siriri mai son zance. Ya san Baba. Shi ya sauke ni a shagonsa, ya ara min riga, washegari kuma ya ce sai ya nuna min gari kafin gidan Inna, don in san inda na fito. Na ce ni ba daga nan na fito ba. Ya ce mu je dai.

Tarihin, yadda ya ba ni, gajere ne kuma ba daɗi. Daji ne, Turawa suka zo suka ga baƙin dutse a gefen tsauni. Suka jawo layin dogo, suka sa masu sarauta su tilasta wa samari shiga rami. Daga baya mutane suka riƙa zuwa da kansu saboda albashi, har da namu 'yan arewa, masu gadi da mahauta da 'yan koli. Gari ya cika, jiniya tana tashin mutane tana sallamarsu, kamar ladan. Sai injin mai ya zo, kwal ya rasa mai saye. Sai yaƙin basasa, kowa ya gudu, injin zuƙe ruwa ya tsaya, ruwa ya cika ramin. Da aka dawo aka leƙa, aka ce a bar shi. Malam Tanko yana faɗar wannan yana murmushi kamar mai ba da labarin biki.

Muka fara da gidan manaja, can a kan tudu inda iska take. Gini ne na gaske, dutse sassaƙaƙƙe, da baranda ta zagaye shi. A falon har da murhun jin ɗumi da bututun hayaƙi, a ƙasar da mutum yake gumi yana cikin wanka. Malam Tanko ya ce ana hura shi da kwal lokacin Kirsimeti, manaja ya zauna gabansa da kwat don ya tuna gida. Yanzu jemagu ne manajoji. Kusa da shi akwai kulob, inda baƙar fata ba ya shiga sai da tire a hannu. Rufin ya zube, an shuka rogo a filin ƙwallon.

A gangare akwai gidan fitila, inda kowane lebura yake karɓar fitilarsa kafin ya shiga. Ƙusoshin ratayewa suna nan a jere, wata coci ce take taro a ciki yanzu. Sai gidan wanka, dogon zaure da famfuna a sama, maza su tuɓe su shiga gaba ɗaya kamar shanu a mashaya. Na ce a'uzu billahi. Ya ce in ka fito daga rami ko uwarka ba ta gane ka, balle ka ji kunyar wani. Dogon bututun injin yana tsaye, itace ya tsiro a kansa. Ma'ajin nakiyar da Baba ya yi gadi kuwa ko tsagewa bai yi ba, ƙofar ƙarfe ce da katanga mai kaurin kamu biyu. Nakiya suka gina wa ɗaki mai kyau haka, mai gadinta kuma rumfar kwano. Nan ne kaɗai na daɗe a tsaye, na tuna Baba da farin gemu yana zaune a Harami, ashe a nan ya yi samartakarsa yana tsaron abin da zai iya tashi da shi.

Bakin ramin kansa an toshe shi da bulo, jan ruwa yana tsiyaya ta ƙasa, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan shi ne abin da aka sa wa gari sunansa. Na tsaya na kalle shi, na ce a raina wai saboda wannan za a bar Madina.

Raina ya yi fari da muka iso layukan lebura, domin yawancinsu sun zube, sai harsashi da ciyawa. Na fara shirya yadda zan faɗa wa Inna. Sai Malam Tanko ya karya kwana ya ce, "Ga naku." Layi ɗaya tak, a tsaye ƙyam, da rufinsa da ƙofofinsa. Gidan dutsen da muka tashi muna jin labarinsa a Madina kamar fada, ɗaki ɗaya ne. Motar da nake ja ta fi shi faɗi. Tagarsa kamar ta gidan kaji, akuya tana ɗaure a ciki. Amma yana nan, ko ɗigo ba ya yi. Ban taɓa jin haushin gini mai ƙwari ba sai ranar.

Muna tsaye wata tsohuwa ta fito daga ɗakin da ke maƙwabtaka, gajera, da zane a ƙirji da sarƙar gicciye a wuya. Malam Tanko ya ce Mama Ngozi ke nan, mijinta a rami ya yi aiki. Ya gaya mata ko ni wane ne. Sai ta saki tsintsiya ta rungume ni, ni da ko hannun mace ban saba karɓa ba, na sandare kamar itace.

"Yaro na Rekiya! Rekiya yana da rai? Kai zo, kai gani. Zo gani yaya naka."

Na ce wa Malam Tanko, "Wace yaya? Ni ne babba a ɗakinmu."

Tsohuwar ta kama hannuna. Ta ja ni bayan layin. A gindin wata bishiya akwai ɗan ƙaramin kabari, bai kai tsawon tabarmar yaro ba. An zagaye shi da siminti, an shafe da farar ƙasa, an shuka fure a kai, an share ko'ina fes.

Malam Tanko ya ce, "Hajara. Ita ce ta fari. Ta fara tafiya, ƙyanda ta ɗauke ta. Lokacin ba a ba Musulmi maƙabarta ba, a nan muka sa ta. Ba a yi arba'in ba iyayenka suka kama hanyar gabas."

Nan na gane abubuwa da yawa. Abokaina sun sha tsokanata wai Madina ta cire wa Inna alkunya, tunda take kiran sunan ɗanta na fari gatsal. Ashe ba ni ne na farin ba. Wadda take jin kunyar tana nan kwance, shi ya sa ko sau ɗaya sunanta bai fito daga bakin Inna ba, ba a gabanmu ba, ba a gaban kowa ba. Mama Ngozi ta ci gaba da Hausarta ta bariki: damina ɗaya suka haihu, in ɗaya ta tafi rafi ɗayar ce take ba yaran biyu nono. Tata Ngozin ta rayu, tana can birni da 'ya'ya. Lokacin yaƙi sun gudu daji, da suka dawo ta tarar ruwa ya fara cin kabarin, shi ne ta samo siminti.

To me kuke tsammani mutumin Madina ya yi? Wa'azi na yi. Kunya da haushi da abin da ban san sunansa ba suka taru suka fito min a fatawa. Na ce wannan bidi'a ce, ba a gini a kan kabari, ba a shafa masa fari, ba a shuka fure. Na ce a Baƙi'a manyan bayin Allah ma tarin ƙasa ne da ɗan dutse. Na haɗa da Larabci don abin ya yi nauyi. Tsohuwa tana kallon bakina tana gyaɗa kai. Da na gama ta tambayi Malam Tanko me na ce. Ya ce mata, "Godiya yake yi." Ta ce ba komai, ta shiga ta dafa min doya.

Komawa ba sai na ba ku labari ba, hanya ɗaya ce, sai dai wannan karon na sa rigar aro. Na ɗauko dunƙulen kwal guda don ku gani da idonku. A Jidda mai binciken kaya ya ɗaga shi ya ce, "Esh hada?" wato mene ne wannan. Na ce faham. Ya ce kowa yana dawowa daga Afirka da goro, ni na dawo da faham, Allah ya ba ni lafiya. Shi ne wanda ɗayanku ya jefa a kaskon turare ranar da kuka zo yi min barka da dawowa, kuka fita kuna tari. Na gaya muku ba gawayi ba ne.

Tun a jirgi na yanke shawara. In na ce gida yana nan, Inna ta tafi. In na ambaci kabarin, ta tafi da gudu. Don haka da na shiga ɗakinta, Safiyya tana gefe, na gaishe ta, na isar da gaisuwar Kawu, na ce:

"Inna, garin ya mutu. Layinku ya rushe gaba ɗaya, ciyawa ce kawai. Ba kowa a wurin."

Sai Inna ta dafa bango ta miƙe, gwiwar nan tana ƙara, ta nufi kayanta.

"Ba kowa?"

"Ba kowa, Inna."

"To ka nemo min tikiti gobe. In ba kowa a can, ai ba zama a nan."

Safiyya ta fashe da kuka tana cewa da Larabci me na je na yi. Ni kuwa na ga ƙaryata ta juyo ta hau kaina. Na durƙusa na riƙe ƙullin kayan na ce ta zauna, ba haka ba ne. Na faɗa mata duka: ɗakin yana nan da akuya a ciki, Malam Tanko yana gaishe ta, Mama Ngozi tana da rai. Na ce na ga abin da ke bayan layin. Ban ambaci sunan ba, ita ma ba ta dube ni ba.

"Ruwa bai ci ba?"

"Ta zagaye shi da siminti."

"Ana sharewa?"

"Fes, Inna. Da tsintsiya a hannu na same ta. Har farar ƙasa take shafawa, ta shuka fure."

Inna ta koma ta zauna a bakin gado. Ta ja mayafinta ta rufe fuska. Da ta buɗe, ta ce wa Safiyya, "Kwance kayan nan, ki mayar da su inda suke. Yarinyar tana da uwa a can."

Safiyya ta fara kwancewa, tana tambayata da ido wace yarinya. Na miƙe zan fita, Inna ta kira ni.

"Usmanu, furen wane launi ne?"

Na tsaya a bakin ƙofa. Launin kwanon gidan manaja na sani, launin ruwan bakin rami na sani. A kan kabarin yayata kuwa na daɗe a tsaye ina wa'azi, ban duba ba.